Ba Izini Ne Ya Hana DataNode Tashi Ba

Makon jiya wani mai koyar da aikin sabar ya sake ɗora ɗalibansa a kan shawarar da ta zama ruwan dare: duk wanda Hadoop ya ce masa "Cannot set priority of datanode process", ya shiga da root, magana ta ƙare. Wannan shawara ɓarna ce, kuma masu yaɗa ta ba su taɓa buɗe hadoop-functions.sh sun karanta ba.

Tun fitowar Hadoop 3.0 a Disambar 2017, ga yadda abin yake tafiya: a kunna DataNode, a ɗan dakata, sannan a kira renice a kan lambarsa. Matakan fifiko a Linux daga -20 zuwa 19 suke, kuma mai neman ƙarin fifiko ne kawai ke buƙatar root. Hadoop kuwa 0 yake nema in ba a taɓa saitin ba, wato inda aikin yake tun farko. Galibi abin da ke kayar da renice shi ne DataNode ya riga ya mutu. An zo naɗa wa gawa rawani ne.

Abin da ya kashe shi yana rubuce a fayilolin .log da .out: ko an sake yi wa NameNode fomat har clusterID ya saɓa, ko wata manhaja ta tare ƙofa ta 9866, ko an bar alama a buɗe cikin hdfs-site.xml. Karatun minti biyu ne.

Masu yaɗa wannan shawara za su ce ai da root DataNode ya tashi. Wannan ba hujja ba ce. Root zai bar fayiloli da sunansa a ma'ajiyar bayanai, gobe asusun hdfs ya kasa rubutu, matsalar izinin da babu ita jiya ta samu. Daga nan sai a jawo chmod 777, cutar da mai wannan shafi ya daɗe yana faɗa da ita. Ma'ajiyar da Hadoop ke kullewa da 700, a wangale ta ga kowa! Mutanen nan ne dai suka koya wa matasa kashe SELinux da zarar ya yi tari, kuma har yau akwai sabar da ke ɗauke da bayanan jama'a a haka, shekara da shekaru ba wanda ya koma ya kunna.