Gangar da Ta Dace da Wake

A ƙasar Amurka, jihar Dakota ta Arewa ta shahara wajen noman wake. Manomanta ba su sussuka da sanda. Suna da babban inji, a cikinsa akwai gangar ƙarfe mai juyawa, ita ke fasa kwanson wake.

Cikin gangunan da aka daɗe ana aiki da su, biyu sun fi suna. Ɗaya tana da sanduna masu kaushi kamar magagari, gurzawa take yi. Ɗayar kuwa haƙora gare ta, wake yana ratsawa ta tsakaninsu.

Wasu manoma sun fi son mai magagari, domin ita ta dace da alkamarsu. Amma ga wake, mai haƙora ya kamata a zaɓa. Busasshen wake ba ya jure gurza: fatarsa takan tsage, ƙwayar ta rabe biyu. Tsagaggen wake kuwa kuɗinsa kaɗan ne, in an shuka shi ma ba ya tsira sosai.

Ko da mai haƙoran, wajibi ne a rage mata gudu. Sannu ba ta hana zuwa.