Sharhi: Kafin a sayi na'urar sanyi a Dakoro, a duba rufin ɗaki

Duk wanda ya kwana a ɗakin kwano a Dakoro cikin Afrilu ko Mayu ya san cewa zafin ciki ya fi na waje. Rana tana dukan kwano tun safe, bulon siminti yana shan zafi, da dare kuma ya amayar da shi kan masu barci. Amma har yau, idan ɗan gari ya aiko kuɗi daga Libiya, Aljeriya ko Abijan a gina masa gida, wannan tanda ce ake gina masa, a ce ci gaba ne.

A ƙasashen masu masana'antu, tare zafi kasuwa ce babba. Kamfanoni irin su Rockwool na Denmark da Saint-Gobain na Faransa suna sayar da audugar dutse da ta gilashi, waɗanda ake cusawa a bango da rufi don zafi ya kasa ratsawa. Hujjarsu gaskiya ce: ginin da bai ɗauki zafi ba, bai cin wuta sosai. Sai dai waɗannan kaya sun fi ƙarfin aljihun talakan Dakoro. Soson roba mai arha kuwa yana da nasa haɗari. A gobarar benen Grenfell a Landan, a Yunin 2017, mutane 72 suka rasu, kuma kayan da aka lulluɓe ginin da su na cikin abin da ya yaɗa wutar.

Mu a nan muna da ƙasa. Katangar tubali mai kauri tana jinkirta zafi, shi ya sa soron kakanni yake da sanyi da tsakar rana. Matsalarsa ita ce azara, domin rufin soro yana cin giginya, ga shi itace ya yi ƙaranci a yankin da manoma da makiyaya ke fama da rairayi. An daɗe da samun amsar wannan. Tun 1980 ƙungiyar Development Workshop ta fara gini ba itace a Cikal, kusa da Filinge, inda ake rufe ɗaki da baka da tulluwa na tubali zalla, kuma an horar da magina a sassan ƙasar nan. A Dandaji ta jihar Tawa, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun kammala masallaci da ɗakin karatu a 2018 da bulon ƙasa da aka matse. Wanda ya ga hoton ginin ba zai sake kiran ƙasa kayan ƙauye ba.

Ba mu ɓoye aibin ginin ƙasa. Damunar 2024 ta rushe gidaje masu yawa a jihar Maraɗi. Ginin ƙasa yana buƙatar tushe na dutse ko siminti, da indararo mai nisa da bango, da yaɓe kowace shekara. Wanda ba zai kula da wannan ba, ya yi kwanonsa, amma ya ɗaga rufin, ya sa silin, ya bar kafar iska, ya shafa wa kwanon farin fenti.

Na'urar sanyaya ɗaki kuma tana jiran wuta. Ba a manta da 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki bayan juyin mulkin Yuli, aka bar Nigelec tana rabon ɗan abin da ya rage.

Don haka muna kira ga magajin garin Dakoro da hukumomin jiha su fara da nasu gine-ginen. Ajin makaranta da ɗakin haihuwa na gaba da za a ba da kwangilarsu, a rubuta sharaɗin tare zafi a cikin takardar, a kuma ɗauki maginan gari su koyi aikin a wurin.