Sharhi: Na'urorin Auna Ambaliya a New York da Abin da Ya Rage wa Biranenmu

A daren 1 ga watan Satumba na shekarar 2021, ragowar mahaukaciyar guguwar nan ta Ida ta sauke ruwan sama kimanin milimita 80 cikin sa'a guda a tsakiyar birnin New York. Mutane 13 ne suka rasa rayukansu a birnin, akasarinsu a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda masu ƙaramin ƙarfi da baƙin haure kan yi haya. A gundumar Bronx, inda Hausawa 'yan asalin Ghana da Nijar da Nijeriya suke zaune da yawa, aka wayi gari motoci sun nutse a babbar hanyar Major Deegan. Abin da ya fito fili daga baya shi ne, birni mai arziki irin wannan bai iya sanin zurfin ruwa a titi kaza da titi kaza ba a lokacin da ruwan yake zuba.

Wannan giɓi ne shirin FloodNet yake ƙoƙarin cikewa. Masu bincike na jami'o'in NYU da CUNY ne suka soma shi a 2020 tare da hukumomin birnin. Aikin na'urar ba shi da wani sarƙaƙiya. Ana ɗaure ta a jikin turken alamar titi, tana aika sautin da kunne ba ya ji zuwa ƙasa, ta auna lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo. In ruwa ya taru, nisan ya ragu, sai ta aika adadin ta iska zuwa wata taswira da kowa zai iya dubawa ta intanet. Da hasken rana take aiki. A 2023 birnin ya ware dala miliyan 7.2 domin a kai yawan na'urorin 500.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne, ba a rufe asirin aikin ba. An wallafa zanen na'urar da rubutun manhajar da ke sarrafa ta, ta yadda duk mai ilmin abin zai iya karantawa, ya kwafa, ya gyara, ba tare da neman izini ko biyan kuɗin lasisi ba. Bayanan da ake tarawa su ma a buɗe suke, wanda ya dace da dokar da birnin ya kafa tun 2012, wadda ta wajabta wa ma'aikatunsa fitar da bayanansu ga jama'a. Ga mazauna unguwa irin Parkchester wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kamfanin inshora na Metropolitan Life ne ya gina rukunin gidajen tsakanin 1938 da 1942, gidaje sama da 12,000, kuma har zuwa 1968 ba ya ba baƙar fata haya. Zuri'ar da aka daɗe ana yanke hukunci a kanta a bayan idonta, yau tana iya zuwa taron unguwa riƙe da alƙaluman da hukuma ba za ta musanta ba, domin daga na'urarta suka fito.

To, ina labarin gida? A ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye wani babban ɓangare na Maiduguri, shekaru 30 bayan irin wannan masifa ta 1994. A wannan damina Maraɗi da Damagaram su ma sun ɗanɗana kuɗarsu, sannan a watan Mayun 2025 ambaliya ta halaka mutane da dama a Mokwa. Ba a rasa masana ba. Hukumar NIHSA a Nijeriya tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, cibiyar AGRHYMET kuma tana Yamai tun 1974. Sai dai hasashen da ya ambaci jiha ko ƙaramar hukuma bai gaya wa mai gida a Fagge ko Gwange ko ya kwashe iyalinsa a daren nan ba.

Kuma an riga an gwada buɗaɗɗiyar manhaja a ƙasar Hausa an ga amfaninta. Ma'aikatan yaƙi da shan inna sun yi shekaru suna tattara bayanai da manhajar ODK a wayoyin hannu, kafin a tabbatar a watan Agustan 2020 cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. Manhajar QGIS da taswirar OpenStreetMap kyauta suke ga ɗaliban Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Abdou Moumouni.

Ba a ce kwafar aikin New York zai zo da sauƙi ba. Ƙurar hunturu tana rufe farantin hasken rana, ɓarayi suna ɗauke shi, kuma na'urar titi ba za ta gyara madatsar da aka yi sakaci da ita ba, balle ta yashe kwalbatin da leda ta toshe. Mafi wuya ma shi ne albashin wanda zai riƙa zagayawa yana duba su bayan an gama bikin ƙaddamarwa. Gwamnatocin jihohi kan fi son kwangilar sayen kaya daga waje, wadda da ƙarewar lasisinta aikin ke mutuwa, bayanan kuma su maƙale a hannun kamfani.

Ya kamata duk kwangilar taswira ko ta auna ruwa da aka biya da kuɗin jama'a ta ƙunshi sharaɗin buɗe manhajar da bayananta. Ƙungiyoyin Hausawa na Bronx kuma, waɗanda suka saba tara kuɗi su gina masallaci ko su haƙa rijiyar burtsatse a gida, suna iya ɗaukar nauyin wani sashen injiniya ya ƙera na'urori goma, a gwada su a bakin kogin Jakara a Kano kafin damina mai zuwa.