Ku Bar Wanda Aka Yi wa Aikin Ciki Ya Yi Tari

A gidajenmu, da zarar an yi wa mutum aiki a ciki, ko na gwaiwa, ko na hanji, ko na fiddo jariri, gargaɗin farko da masu jinya ke yi masa shi ne: "Kada ka yi tari, ɗinki zai ɓalle." Ƙauna ce ke sa su faɗin haka, amma ni ina ganin gargaɗin yana da illa.

Tari shi ne tsintsiyar huhu. Domin ya fito da ƙarfi, sai mutum ya ja numfashi mai zurfi, sannan naman ciki ya matse ya tura iska waje. To, naman nan ne aka yanka. Zafin ciwo yana sa majinyaci ya riƙa numfashi sama-sama, maganin sa barci da magungunan kashe zafi irin su morfin kuma suna rage motsin tarin kansa. Sai majina ta taru, wani sashen huhu ya rufe, daga nan ciwon huhu ya samu ƙofa. Haɗarin ya fi yawa idan yankan yana sama da cibiya, ko ga tsofaffi da masu shan taba.

Tun 2005 gwamnatin Nijar ta ayyana aikin fiddo jariri kyauta, don haka mata da dama ke komawa gida da ɗinki a mara. Idan aka kwantar da mai jego a ɗaki mai hayaƙin itace, aka hana ta motsi, aka sayo mata maganin tsayar da tari wurin masu talla, an ƙara mata nauyi ne.

Abin yi ba shi da wuya. A zaunar da majinyaci, ya dafe wurin ɗinkin da matashin kai ko zane a ninke, ya ja dogon numfashi sau uku, sannan ya yi tarin. Ya sha maganin zafi yadda likita ya tsara, ya fara takawa da an ba shi izini. In zazzaɓi ya zo, ko numfashi ya yi sauri, ko ɗinki ya fara ruwa, a koma asibiti ba jinkiri.

Malamai, ku shigar da wannan cikin darasin numfashi. Ƴaƴanmu ƴan makaranta su ne ke karanta wa iyaye takardar magani, kuma ana jin maganarsu a gida.