Ruwan Burtsatse a Trans-Amadi: A Kai Shi Ɗakin Gwaji

A Trans-Amadi da ke Fatakwal, masana'antu da gidaje suna maƙwabtaka, kuma yawancin Hausawan unguwar ruwan burtsatse suke sha, ko wanda mai ruwa ya turo a kura. Idan ruwan ya fito garai-garai, sai hankali ya kwanta. Amma sinadarin naitret, wanda ke tsiyayowa daga masai da kwata, ba shi da launi ko wari, tafasawa ma ba ta kawar da shi. Ga jariri kuwa, yana hana jini ɗaukar iskar oksijin har leɓe ya yi shuɗi.

Akwai na'urar da ke gano shi. A 1975 Hamish Small da abokan aikinsa a kamfanin Dow na Amurka suka fito da ita. Ana tura ɗan ruwan cikin siririn bututu cike da ƙananan ƙwayoyi masu riƙe gishirin da ya narke a ciki. Kowane sinadari da ƙarfin riƙonsa, don haka suna fitowa bi da bi: fuloraid da fari, sai kuloraid, sai naitret, salfet can baya. Na'urar lantarki tana auna yawan kowannensu cikin 'yan mintuna.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade miligiram 50 na naitret a kowace lita, fuloraid kuma 1.5.

Ya kamata shugabannin al'ummar Hausawa da ƙungiyar masu sayar da ruwa su haɗa kuɗi, su kai samfurin kowace burtsatse ɗakin gwaji duk shekara, a liƙa sakamakon a bakin famfo.