Kantoman Kataan Da Mu

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu ɗalibai suna ɗaukar wasannin telebijin na sararin samaniya tamkar tatsuniyar Turawa, watau abin kashe lokaci wanda bai shafi mai noman gero a Tambuwal ko Kebbe ba. Mu kuwa muna ganin akwai kashi guda a jerin wasannin Star Trek: The Next Generation wanda ya kamata duk mai shirin kama aikin gwamnati a ƙasar Sakkwato ya kalla da idon basira. Sunansa The Inner Light. An fara nuna shi a Amurka cikin watan Yuni na 1992, ya kuma ci lambar yabo ta Hugo a 1993.

Ga yadda labarin yake. Jirgin Enterprise ya ci karo da wata tsohuwar na'ura tana shawagi a sarari, ta haske Kyaftin Picard, ya faɗi sumamme. Minti 25 kacal ya yi a kwance, amma cikin wannan ɗan lokaci sai ya yi rayuwar shekara wajen 40 a wata duniya mai suna Kataan, a matsayin Kamin, maƙerin ƙauyen Ressik. Ya zauna da matarsa Eline, suka haifi 'ya'ya biyu, ya koyi busa sarewa, har ya ga jika. Duk tsawon zaman nan fari sai ƙaruwa yake yi, har ta tabbata cewa ranarsu ce ke shirin fashewa. Da mutanen suka ga ba tsira, sai suka harba na'urar nan domin wani ya san sun taɓa rayuwa. Sa'ad da Picard ya farka, Kataan ta shekara dubu da ƙonewa.

Lalle wasan ya ƙayatar. Ba faɗa, ba harbe-harbe, amma Patrick Stewart, wanda ya fito a matsayin Picard, ya tsufa a gaban idonmu har muka manta wasa ne. Sai dai wanda ya fi tsaya mana a rai shi ne Kantoman yankin, ko da yake fitowarsa ba ta da yawa. A zuwansa na farko, Kamin ya ba shi shawarar a ƙera na'urorin tatso ruwa daga iska. Kantoma ya saurara cikin ladabi, ya nuna aikin babba ne, ya yi alkawarin za a duba. Shiru kake ji. Bayan shekaru, da Kamin ya tsare shi da awon ƙasa da na rana, sai ya amsa a asirce cewa masanan gwamnati sun san haka tun shekara biyu da suka wuce, an dai ɓoye ne don gudun tashin hankalin jama'a.

Shin akwai wanda bai san wannan mutum ba a cikinmu? Ba mugu ba ne, ba ɓarawo ba ne. Mutum ne mai fara'a wanda ya iya cewa an tura takarda sama. Kakanninmu sun sha yunwar Kakalaba a 1914, iyayenmu sun ga farin 1972 zuwa 1974 da na 1984, lokacin da shanu suka ƙare, aka sayar da na sayarwa a wulaƙance. Fari ba ya faɗowa dare ɗaya. Kafin rumbu ya bushe, akwai malamin gona da ya ga shuka ta ƙone, akwai malamin dabbobi da ya ga kiwo ya ƙare. Abin tambaya shi ne, me suka rubuta, wa kuma ya karanta?

A nan ne muke da ja da marubutan wasan. Sun zaɓi masifar da ba ta da magani, domin ba mai iya hana rana fashewa. Saboda haka shirun Kantoma ya zo da uzuri, itacen da mutanen Ressik suka dasa a dandali suna ba shi daga ɗan ruwan shansu ya zama alama kawai, mai kallo kuma ya tashi da hawaye da sallamawa. Wannan darasi yana da haɗari gare mu, gama hamadar da ke matso mu tana da magani. Tun wajen 1984 manoman Maradi suka fara barin kututturan gawo da kalgo da sabara su tofo a gonakinsu, suna yi musu sassabe maimakon tumɓukewa. Da wannan dabara mai araha aka farfaɗo da hekta wajen miliyan 5 a kudancin Nijar. Mu kuma, Tarayyar Afirka ta amince da shirin katangar itatuwa a 2007, Nijeriya ta kafa masa hukuma a 2015, Sakkwato tana cikin jihohi 11 da ya shafa. Amma dashen da aka yi ranar biki gaban masu ɗaukar hoto, aka bar wa awaki washegari, ko na Ressik bai kai ba, domin su can sun ba nasu ruwa.

'Yan'uwa, gobe mu ne za a tura Dogon Daji da Jabo da Sanyinna da Kuchi, mu ne za mu riƙe alƙalamin. Idan rijiya ta ja baya, mu rubuta gaba nawa ta ja, ko da maigida ba ya son ji. Idan hukumar yanayi ta ƙasa ta fitar da hasashen damina, kamar yadda take yi kowace shekara, mu kai shi kasuwa da ƙofar hakimi da Hausa kafin a yi shuka, kada ya kwana a aljihun tebur. Talaka ba yaro ba ne da za a ɓoye masa labarin gonarsa. Mutanen Kataan sarewa ɗaya suka iya bari a bayansu. Mu muna da sauran lokacin da za mu bar itatuwa da rijiyoyi.