Laifin Akuya Ne, Ko Na Mai Turke?

A wata bazara da ta gabata, cikin watan Afrilu, na kai wa gwaggona ziyara a wani ƙauye na ƙasar Sandamu. Na tarar da ita zaune a ƙofar ɗaki, ta rungume ɗan akuya a cinya tana ɗura masa koko da cokali. Tagwaye akuyar ta haifa kwana biyar da suka wuce, ɗaya ya riga ya mutu, ɗayan kuwa ko kukan kirki ba ya iyawa. Bayan mun gaisa sai ta nuna mini uwar da baki, ta ce, "Ɗan nan, wannan akuya ba ta da albarka. Ka ga hantsarta kamar tsumma. Da na ɗaga wannan ɗan, kasuwar Mai'aduwa za ta." Ban ce komai ba, domin idona ya kai kan wani rago da ke ɗaure a inuwar bedi, ga kwaryar dusa a gabansa, ga harawar wake, ga ruwa a kwatarniya. Akuyar kuwa tana bayan danga tana tauna wata baƙar leda.

Abin da nake son in ce a wannan fili shi ne, a mafi yawan gidajenmu akuyar da ta rasa nono ba ranar haihuwa ta rasa shi ba. Ta rasa shi ne tun makonni shida kafin ta haihu, kuma mu muka hana ta. Muna ciyar da ragon layya domin muna ganin kuɗinsa da ido, muna sakin akuya mai ciki ta nemi na kanta a bola, sa'an nan idan 'ya'yanta suka mutu mu ce ba ta da albarka.

Bari mu bi lissafin. Cikin akuya wata biyar ne, wato kimanin kwana 150. Da damina awaki a turke suke saboda shuka. Da an yi girbi sai a sake su, su ƙoshi da ragowar gona, bunsuru ya bi su. Akuyar da ta ɗauki ciki a watan Nuwamba za ta haihu a watan Afrilu, daidai lokacin da babu koren haki ko ɗaya daga Daura har Zango da Baure. Masana sun tabbatar da cewa fiye da rabin girman ɗan tayi yana samuwa ne a makonni shida na ƙarshe, kuma a daidai wannan lokaci ne hantsa take ginuwa. Idan abinci bai isa ba, jikin uwa yakan fifita ɗan da ke ciki, ya ci kitsenta da namanta ya ba shi. Ta haihu a rame, hantsa ba ta ginu ba, ga kuma baki biyu suna jira. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Wani zai ce ai ana zuba mata karan dawa. To, karan dawa yana cika ciki, amma furotin, wato sinadarin gina jiki da ke cikinsa, bai wuce kashi 3 ko 4 cikin ɗari ba. Cikin akuya zubi huɗu ne, kuma a cikin babban, wato tumbi, akwai miliyoyin ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, su ne suke narka mata ciyawa. Waɗannan ƙwayoyi su ma sai sun sami furotin kamar kashi 7 cikin ɗari a abincin kafin su yi aiki sosai. Ke nan akuyar da ke cin kara kaɗai tana iya kwana da cikakken ciki alhali yunwa tana cinta. Harawar wake da ta gyaɗa sun ninka kara sau uku ko fiye a wajen furotin, ƙuli-ƙuli kuwa ya haura kashi 40 cikin ɗari. Akuya mai nauyin kilo 25 da ke shayarwa tana bukatar kusan kilo ɗaya na busasshen abinci a yini. Idan aka ba ta harawa mai ganye, aka ƙara da dusa kamar giram 300 wadda aka barbaɗa wa ɗan dakakken ƙuli-ƙuli da gishiri, sau da yawa kafin mako ya zagayo za a ga canji a hantsa. Sai dai a yi hattara, a fara dusar da kaɗan-kaɗan. Akuyar da ba ta saba ba idan ta cika ciki da dusa ko tsaba rana ɗaya, tumbinta yakan yi tsami, ya kumbura, har ta mutu.

Akwai kuma abincin da Allah Ya ba mu kyauta, wato 'ya'yan gawo. Gawo itace ne mai abin mamaki: yana kaɗe ganye da damina, ya yi kore da rani, 'ya'yansa kuma su zubo daidai lokacin da dabbobi suka fi bukata. Maƙwabtanmu na Matamaye da Magarya, nan ƙetaren iyaka, sun daɗe da barin gawo ya tashi a gonakinsu, har masana daga ƙasashen waje suna zuwa kallo. Mu kuwa da yawanmu gatari muke sa masa.

Sai ruwa. Kashi 87 cikin ɗari na nono ruwa ne. A gidaje da yawa ƙasarin da aka wanke gero da shi da safe shi ne ruwan akuya na yini guda. Ƙasari yana da kyau, amma akuya mai shayarwa a zafin Afrilu tana iya shan lita huɗu zuwa shida. Daga ina za ta kawo nono idan kwano ɗaya aka ba ta?

Na san abin da za a ce mini: harawa da bazara tsada take yi, talaka kuwa tun da kaka ya sayar da tasa. Gaskiya ne, ban raina wannan hujja ba. Amma a dubi gidan gwaggona. Harawar tana nan, rago ake ba. Rago sau ɗaya za a sayar da shi, akuyar kuwa idan ta sami kulawa tana iya haihuwa sau uku a shekara biyu, kuma jar akuyarmu ta shahara da tagwaye. Ba ƙaramar dabba ba ce. Fatarta ce fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita har Turawa suka sa mata suna fatar Maroko. Jamhuriyar Nijar ta buɗe mata cibiyar kiwo ta musamman a Maraɗi tun shekarun 1960, a nan gida kuma Cibiyar Binciken Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, kusa da Zariya, ta daɗe tana nazari a kanta. A ƙasar Daura awaki galibi dukiyar mata ce. Da su ake kai yaro asibiti, da su ake biyan kuɗin jarrabawar fita sakandare. Mutuwar tagwaye biyu a bazara tana iya zama dalilin da wata yarinya ba za ta rubuta jarrabawa ba. Wanda ke da awaki shida da harawar da ba za ta ishe su ba, gara ya sayar da bunsuru ɗaya ya ciyar da masu ciki.

Ba kowane rashin nono ne yunwa ba, kuma ya kamata ɗalibi ya iya bambancewa. A taɓa hantsa. Idan ta yi zafi, ta yi tauri, akuyar tana harbin ɗanta, nonon kuma ya fito da gudaji ko jini, ciwon hantsa ne, wannan aikin likitan dabbobi ne. Wani lokaci kan nonon ne kawai ya toshe, da an matsa sau biyu sai ya buɗe. A ja fatar idonta ta ƙasa a duba. Idan ja ce, lafiya lau. Idan ta yi fari, alama ce tsutsar ciki tana shan jininta, kuma wannan dabara ta duba ido masana a Afirka ta Kudu ne suka tsara ta a shekarun 1990 domin makiyayin da ba shi da ɗakin gwaji. Akuyar da ake ciyarwa amma kullum ramewa take yi, a tuhumi leda, domin duk mahauci ya san irin dunƙulen da ake cirowa daga tumbin awakin gari. Zazzaɓi da majina da zawo tare kuwa suna iya zama annobar da likitoci ke kira PPR, wadda aka fara ganowa a Kwaddibuwa a 1942, kuma a 2015 hukumomin duniya suka ɗauri aniyar kawar da ita kafin 2030. Tana da allurar rigakafi, ana yin ta a Vom kusa da Jos.

Abin da ba na goyon baya shi ne garzayawa wajen mai tallar magani a kasuwa a sayo allurar kawo nono. Sinadarin oksitosin, wanda jikin akuya da kansa yake fitarwa idan ɗanta ya kama nono, aikinsa matso nonon da ke cikin hantsa ne. Ba ya ƙirƙirar nonon da babu. Tsoro da duka da haushin kare suna hana shi aiki, shi ya sa akuyar da aka ware mata wuri mai inuwa ita da 'ya'yanta ta fi sakin nono.

Mu koma kan ɗan akuyar da cokalin koko. Gwaggo da kyakkyawar niyya take yi, amma jaririn akuya tumbinsa bai fara aiki ba. Idan ya tsotsa, wani ɗan kwararo yakan naɗe a cikinsa ya wuce da nonon kai tsaye zuwa zubi na huɗu, inda yake daskarewa ya narke. Hanjinsa a wannan lokaci sukarin nono kaɗai ya iya narkarwa, bai iya gari ba, bai iya sukarin shayi ba. Saboda haka koko zawo yake sa shi, zawon kuma ya ƙarasa abin da yunwa ta fara. Ɗura kuma tana iya kai ruwa cikin huhu.

Abu na farko da yake bukata shi ne dakashi, wato nonon farko mai kauri, wanda wasu ke tatsewa su zubar wai ƙazanta ne. Ɗan akuya ana haihuwarsa ne ba shi da garkuwar jiki, domin mahaifar akuya ba ta barin sinadaran kariya su ratsa zuwa gare shi. Daga dakashi yake samunsu, kuma hanjinsa yana karɓarsu ne a sa'o'in farko kawai, bayan kwana ɗaya ƙofar ta rufe. Yana bukatar kamar kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa, wato ɗan da ya zo da kilo biyu ya sha kimanin mililita 200 a ranar farko, a rarraba. Idan uwarsa ba ta da shi, a tatso daga akuyar maƙwabta da ta haihu a ranar. A goga masa aidin a cibiya, a ajiye shi a busasshen wuri.

Bayan haka, hanya mafi sauƙi ita ce a riƙe masa wata akuya mai ɗa ɗaya ya tsotsa sau uku ko huɗu a yini. In babu, madarar shanu sabuwar tatsa ta wadatar, ba kindirmo ba. A tafasa ta, a bar ta ta huce zuwa ɗumin jiki, a ba shi a kwalba mai bakin roba yana tsaye da ƙafafunsa, kaɗan-kaɗan sau huɗu a yini, a kuma wanke kwalbar da ruwan zafi kowane lokaci. Kada a raba shi da uwar ko da ɗigo take bayarwa, domin tsotso shi ne yake gaya wa hantsa ta ƙara aiki. A duba cikinsa bayan ya sha: wanda ya ƙoshi yakan kwanta ya yi barci, mai yunwa kuwa yakan tanƙware baya, bakinsa ya yi sanyi. Daga mako na biyu zuwa na uku a ajiye masa ganyen harawa da ruwa mai tsabta, haka tumbinsa zai koyi aiki har a yaye shi yana da kamar wata uku.

Na yarda akwai akuyar da ko me aka ba ta nononta kaɗan ne, ko don gado, ko don ciwo ya kashe ɓangare ɗaya na hantsarta, ko don bunsuru ya bi ta tun tana 'yar wata biyar ba ta gama girma ba. Mai ƙananan shekaru a yi mata uzuri a haihuwar fari. Wadda ta yi haka sau biyu alhali an ciyar da ita, a sayar. Amma ta yaya za a san an ciyar da ita ɗin, in ba a rubuta ba?

A nan ne nake da magana da malaman aikin gona na makarantunmu. Ɗalibi yana iya zana cikin akuya a allo ya sa wa kowane zubi sunansa da Turanci, ya koma gida ya tarar ana ɗura wa ɗan akuya koko bai ce uffan ba. A ba kowane ɗalibi aiki a zangon karatu na biyu: ya zaɓi akuya ɗaya mai ciki a gidansu, ya rubuta abin da take ci da yawan ruwan da take sha, ranar da ta haihu, sa'an nan ya auna 'ya'yan kowane mako da sikelin rataye irin na masu sayar da hatsi. Aji ɗaya mai ɗalibai arba'in zai tara bayanin awaki arba'in, a kwatanta waɗanda suka sami harawa da waɗanda ba su samu ba. Kuɗin aikin bai wuce na littafin rubutu da aron sikeli ba.

Gwaggo dai ta yarda, bayan doguwar gardama, aka raba dusar rago biyu, aka samo madara a rugar da ke bayan gari. Ɗan akuyar ya tashi. Har yau tana cewa ragon bai yi ƙibar da ta so ba a Sallar shekarar, kuma ni ta ɗora wa laifin.